Illolin bitamin mai ɗauke da sinadarin ƙarfe

Game da tambayar irin illolin da bitamin mai ɗauke da sinadarin ƙarfe ke haifarwa, mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun amince cewa taurin bayan gida da tashin zuciya ne manyan koke-koken masu shan wannan bitamin, kuma shan ƙwayar bayan cin abinci, tare da yawaita ruwa da ganyayyaki irin su zogale, yana rage su. Baƙin bayan gida ba abin tsoro ba ne, sai idan ya zo da jini ko matsanancin ciwon ciki. An hana haɗa ƙwayar da shayi ko madara, domin suna rage shigar sinadarin cikin jiki. Abin da ya fi damuna shi ne yara, domin ƙwayoyin sukan yi kama da alawa, kuma haɗiye su da yawa yana iya halaka ƙaramin yaro, saboda haka a kulle su. Mai sikila kuwa kada ya sha sai da umarnin likita.