Likitan da ya tafi yajin aiki ya ci amanar marasa lafiya ne?

Malamar jinya: Ni a wurina ya ci amana. Mai ciwon ƙoda ana yi masa wanki sau 3 a mako, kowane zama wajen awa 4. In ya rasa zama biyu a jere, ruwa na iya taruwar masa a huhu, sinadarin fotasiyam ya hau a jini, zuciya ta tsaya. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa 2. Waɗannan ba su ne suka riƙe albashin kowa ba, me ya sa za a huce a kansu?

Likitan tiyata: Hajiya, duk abin da kika lissafa gaskiya ne, amma yajin aiki iri-iri ne. Wanda aka tsara yana da matakai. Ana ba hukuma sanarwa da kwanaki tun kafin ranar. A ɗage tiyatar da za ta iya jira, irin ta ƙaba ko yanar ido. A rubuta bayanin kowane mara lafiya da ke kwance, a miƙa shi hannu da hannu ga manyan likitoci. Sashen gaggawa, ɗakin haihuwa, ɗakin kulawa ta musamman da wankin ƙoda ba a barinsu babu kowa. Sannan a amince a rubuce cewa in wani bala'i ya auku, ƙungiya za ta kira mutanenta su dawo nan take. A watan Afrilun 2016 ƙananan likitocin Ingila sun janye har daga sashen gaggawa, manya suka riƙe wuraren. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ma ba ta haramta yajin aiki ba, sharaɗinta shi ne kada a yanke kulawar gaggawa.

Mai harhaɗa magunguna: Likita, wannan tsarin na kwana biyu ne zuwa shida. Manyan likitoci ba su da yawa, kuma ba za su kwana a tsaye mako da makonni ba. A Kenya an yi kwana 100, daga Disambar 2016 zuwa Maris ɗin 2017. Wa zai riƙe sashen gaggawa kwana 100? Sannan akwai ɓarnar da ba ta shiga lissafi. Mai cutar daji da ake ba magani duk bayan mako 3, in zagayensa ya wuce, ba ranar zai mutu ba. Wanda aka ɗage wa gwajin ƙullutu a nono ko a hanji haka nan. Bayan wata shida ba wanda zai rubuta cewa yajin aiki ne sanadi.

Likita mai neman ƙwarewa: Na yarda da kai, Malam, tsawon yajin shi ne hatsarin. Amma ku duba abin da ya kai Kenya can: yarjejeniya ce da gwamnati ta sa wa hannu tun 2013 ba ta cika ba, da aka tafi yajin kuma sai aka ɗaure shugabannin ƙungiyar. Idan ana rabon laifi kada a manta da wanda ya saɓa alkawari.

Abin da ya fi damuna shi ne ana ta magana a kan masu fita kwana biyar, ba a maganar masu fita har abada. Likitan da ya ajiye sana'ar ba ya ba da sanarwar komai, ba a kiran sa ya dawo. Kuma tafiyarsa tana jawo ta wasu: jadawalin aikin kwana da aka tsara wa mutum 8, in 3 suka tafi, sauran 5 ne za su raba darensu. Wanda yake kwana a asibiti sau ɗaya cikin dare 8 ya koma sau ɗaya cikin 5, hutun shekara ya gagara, karatun jarrabawar ƙwarewa ya tsaya. Sai na huɗu ya fara neman mafita. Horar da likita kuwa shekara 5 zuwa 6 ne a jami'a, kafin a ƙara wasu shekarun na ƙwarewa.

Gajiyar ma ba ta tsaya a kan likitan ba. Bincike ya nuna mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba hankalinsa yana raguwa kamar na wanda ya sha barasa. Shi ne zai lissafa wa jariri ƙwayar magani da ƙarfe 4 na asuba. Amurka sai da wata yarinya, Libby Zion, ta rasu a wani asibiti a New York a 1984, a hannun ƙananan likitoci masu doguwar awar aiki, kafin a fara ƙayyade musu lokacin aiki, aka kai ga awa 80 a mako a duk ƙasar a 2003. Dokar Tarayyar Turai awa 48 ce.

Malamar jinya: Ɗana, rantsuwar da likitoci suke yi fa?

Likita mai neman ƙwarewa: Tana nan, Mama. Amma a gyaran da aka yi wa rantsuwar Geneva, wato rantsuwar likitoci ta Ƙungiyar Likitoci ta Duniya, a 2017 an ƙara cewa likita zai kula da lafiyar kansa don ya iya kula da wasu yadda ya kamata.

Likitan tiyata: Duk da haka kada mu wanke kowa. A Koriya ta Kudu, a Fabrairun 2024, dubban likitoci masu neman ƙwarewa sun miƙa takardar ajiye aiki lokaci guda saboda gwamnati za ta ƙara gurabe 2,000 a makarantun likita, a kan 3,058 da ake da su. Kukansu na yin aiki awa 36 a jere gaskiya ne, amma ficewa baki ɗaya ba tare da wa'adi ba, ni ba zan kare shi ba. Barazanar dakatar da lasisi da gwamnati ta yi ita ma ba ta dawo da yawancinsu ba.

Malamar jinya: To ga inda zan sassauta. A sa wa yajin rana ta farko da ta ƙarshe. Kafin a fita, a liƙa sunan likitan da zai amsa kira a kowane ɗaki, da lambarsa, domin mu ne muke tsayawa da 'yan uwan marasa lafiya in dare ya yi. Wankin ƙoda da maganin cutar daji a sa su cikin gaggawa, kada a ce za su iya jira. Wanda ya fita ba tare da waɗannan ba, maganata ta farko tana nan a kansa.