Neman kalma: ruwan da ake fesa wa robar mota kafin fenti

Mai tambaya, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta ɗan littafin koyarwa saboda yara masu koyon fentin mota, na iso babin robobin cikin mota: na jikin ƙofa, da na kewayen rediyo, da na wajen giya, waɗanda fentinsu ke ɓarewa inda farce da makulli suka saba gogawa. Nan na cije. Akwai wani ruwa marar launi da ake fesawa kafin fenti, a jikin gwangwaninsa an rubuta *adhesion promoter*. A gareji kowa firaima yake ce masa. To amma ga firaima ta asali, mai ruwan toka, mai kauri, wadda ake gogewa da samfefa. Abu biyu, suna ɗaya. Ka aiki yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo ta roba, ya dawo maka da ta ƙarfe, kuma ba ka da bakin yi masa faɗa. A taimaka mini da suna na Hausa.

Mai fentin mota, Kaduna:
Wa alaikumus salam Malam. Ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Kafin a raɗa suna bari in faɗi yadda aikin yake, don kada a sa wa abu sunan da bai dace da halinsa ba.

Idan an kawo mana robar da ta ɓare, cire ta muke yi daga motar, ba a fesawa a ciki. Sai wanki da sabulu da ruwan ɗumi, sau biyu in ta kama, sannan a goge da sifirit irin na kemis. Masu wankin mota sun shafe ta da man ƙyalli shekara da shekaru, kuma man nan silikon ne a cikinsa. Ko ɗigo ya saura, kana fesa fenti za ka ga ya dare ya bar 'yan ramuka zagaye-zagaye, mu idon kifi muke ce musu. Bayan wanki sai a kwantar da bakin ɓarewar da samfefa mai lamba 400, a bi da 600, har ka shafa da yatsa ido a rufe ba ka ji tudu ba. In robar mai gurza-gurza ce, hannu da sauƙi, domin in ka shafe mata zanenta ba ya dawowa. Sai wannan ruwa da kake tambaya. Feshi ɗaya, sama-sama, kamar ba ka so, daga nisan kamar taƙi guda. A jira abin da gwangwani ya ce, yawanci minti 5 zuwa 10, a bi da fenti shafi-shafi. Ni dai in za a bi tawa, a ce masa gam ɗin fenti.

Malamin kimiyya, Zariya:
Oga, aikinka ya yi, amma gam ɗin nan zan ja da kai. Duk yaron da ya ji gam, labtawa zai yi, don a saninsa yawan gam shi ne ƙarfin riƙo. Wannan kuwa in ya yi kauri shi da kansa yake zama abin da ke ɗayewa.

Ga dalilin da ya sa ake buƙatarsa. Juya robar ka duba bayanta, za ka ga haruffa an buga tsakanin alamomi biyu, kamar >PP< ko >ABS<, wani lokaci >PP-TD20<, wato an cakuɗa ta da hodar talk kashi 20 cikin 100. Wannan PP ɗin, folifurofilin, dangin kakin kyandir ce a tsarinta, fuskarta ba ta karɓar ruwa balle fenti. Ɗiga mata ruwa ka gani, dunƙulewa zai yi ya gangare. Abin da ke cikin gwangwanin yawanci danginta ne da aka sa wa sinadarin kulorin. Sashensa ɗaya yana kutsawa cikin fatar robar domin jininsu ɗaya, sashen mai kulorin kuma shi fenti ke iya riƙewa. Ba ya cike rami, ba ya rufe karce, ba a goge shi da samfefa. Firaima mai ruwan toka ita ke wannan aikin. Saboda haka kowanne na buƙatar sunansa.

Mai mota, Abuja:
Ni ba ma'abociyar gareji ba ce, mai biyan kuɗi ce. An taɓa fesa mini robar wajen giya ta yi kyau kamar sabuwa, ba a rufa wata ba na ɗaga ta da farce ta taso falle guda. Yanzu na gane abin da aka tsallake. Tunda tsakanin roba da fenti yake shiga ya daidaita su, me zai hana a ce masa dillali?

Mai fentin mota, Kaduna:
Hajiya, dillali in ya karɓi la'adarsa gaba yake yi. Wannan a wurin yake zama har motar ta mutu. Kuma in na ce wa yaro "je ka sayo dillali" a kasuwar Fanteka, Allah kaɗai ya san wa zai jawo mini.

Wani ɗan koyo:
Ranku ya daɗe, danƙo fa?

Malamin kimiyya, Zariya:
A'a ƙanena, danƙo sunan cutar ne, ba na maganin ba. Ka san motocin Jamus na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, irin su Golf 4, waɗanda aka yi wa robobinsu wani shafi baƙi mai taushi? Zafi da laima da man hannu suna ruɓar da shi, ya koma yana maƙale wa yatsa yana baƙanta riga. Shi ne kowa ke cewa ya yi danƙo. Irin wannan sai an kankare shi tas kafin a yi maganar fenti. A bar masa sunansa.

Mai sayar da kayan fenti, Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan kayanmu da yawa rubutun Faransanci ne a jiki, ana rubuta *primaire d'accrochage*. Kalmar ta biyu daga aikatau ta fito mai nufin maƙalawa ko kamawa. Masu saye kuwa ba su damu da rubutun ba, cewa suke "ba ni wanda ke sa fenti ya kama". In za a yi suna, a yi wanda zai ƙetare iyaka, kada ku raɗa na Kano kaɗai ku bar mu.

Dattijo, tsohon malamin Hausa:
Madalla da ɗan Maraɗi, ya kawo ta ba tare da ya sani ba. Ku saurari bakin masu aikin. Ba wanda ke cewa fenti bai manne ba, ko bai ɗauru ba. Cewa ake fenti bai kama ba, yadda ake cewa lalle ya kama, rini ya kama. Aikatau ɗin yana hannunmu tun tuni. Hausa kuma tana da hanyar da take ƙera sunan abu daga aikinsa, ta ɗauki aikatau ta jingina masa abin da yake yi wa aikin: dafa-duka, hana-salla, fasa-ƙwauri. Ba wanda ya zauna a kwamiti ya yi su, kuma ba wanda ke neman a fassara masa su. Ni ina ganin kama-fenti. Namiji ne: kama-fentin ya ƙare, a sayo wani.

Ita kuwa firaima mai ruwan toka, tunda ta zauna a bakin mutane, ba sai an kore ta ba. Wanda ke son Hausa tsantsa ya ce shimfiɗa, domin a kanta fenti ke kwanciya.

Wani ɗan koyo:
Baba, tunda Malamin kimiyya ya ce robar yake fara kamawa, ba kama-roba ya fi ba?

Mai fentin mota, Kaduna:
Kai yaro ka yi tunani, amma kama-roba zai tafi ne kan 'yan kilif ɗin nan da ke riƙe robar a jikin ƙofa, waɗanda kuke karya mini kullum. Na janye gam. Kama-fenti ya fi daɗin aike.

Malamin kimiyya, Zariya:
Riƙe-fenti ya zo mini a rai, don riƙo ya fi kamu daɗewa. Sai dai na gwada faɗinsa sau uku a jere, harshe yana tuntuɓe. Na bi Baba.

Mai tambaya, Kano:
Alhamdu lillahi, na gode ƙwarai. Ga yadda na sa a littafin, a duba mini: "Bayan wanki da gugar samfefa, in bayan robar an rubuta PP, a fesa kama-fenti sau ɗaya sama-sama. In akwai karce mai zurfi a bi da shimfiɗa, a goge da samfefa mai lamba 800, sannan fenti shafi biyu ko uku marasa kauri." Na kuma ƙara gwajin da ake yi a ɓoyayyen gefe bayan ya bushe sosai: a tsaga fentin da reza gida-gida, a manna salatif a fizge. In gidajen sun biyo salatif, bai kama ba.

Mai fentin mota, Kaduna:
Ya yi Malam, amma ƙara layi biyu. Na farko, ABS tana karɓar fenti da kanta, ba lallai sai da kama-fenti ba, sai dai kada a kusance ta da tina mai ƙarfi, wato ruwan tsinka fenti, narkar da fuskarta take yi. Na biyu, murfin jakar iska na sitiyari da na gaban fasinja ba a fesa musu komai, ko mai motar ya roƙa. Kuma lokacin hunturu a yayyafa ruwa a ƙasan rumfa kafin a fara feshi, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kan fentin tun bai sha iska ba.