Shekara Tara a Aikin Jinya: In Koma Neman Digiri, ko Gogewa ta Wadatar?

Nas Mai Tambaya ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'aikatan jinya. Difloma gare ni, kuma bana shekarata tara ina aiki, mafi yawansu a ɗakin da ake kwantar da waɗanda suka fito daga tiyata. Kwanakin baya aka buɗe gurbin mataimakiyar shugabar sashenmu, aka ce sai mai digiri za ta nema, gurbin kuwa ya faɗa hannun wata wadda ni na koya mata yadda ake samun jijiya a hannun dattijon da ruwan jikinsa ya ƙare. Ba ni da wani ƙulli da ita, domin tana da ladabi da son aiki, amma tun daga ranar zuciyata ba ta kwanta ba.

Ina da iyali, ina aikin dare, kuma komawa makaranta zai ci mini lokaci da kuɗi. Abin da nake son sani daga waɗanda suka riga ni shi ne: shin akwai wani abu da digiri zai ƙara mini a gefen gadon majinyaci, ko kuwa takarda ce kawai da ake buƙata domin ƙarin girma?

Sista Mai Ritaya ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi shekara 32 a wannan aiki, saboda haka zan fara da ɓangaren da na fi sani. Akwai abin da aji ba ya bayarwa, kuma ke da kike ɗakin tiyata kin san shi. Majinyacin da jini ke zuba a cikin cikinsa bayan an yi masa aiki, ba awon jininsa ne ke fara faɗuwa ba, musamman idan matashi ne mai ƙarfi, domin jiki yana matse jijiyoyi ya riƙe awon na wani lokaci. Abin da ke fara bayyana shi ne bugun zuciya ya riƙa hawa a hankali, numfashi ya ƙara sauri, fitsari ya ragu, tafin hannu ya yi sanyi, mutum ya kasa zama wuri ɗaya yana ta neman ruwa. Duk wannan yana cikin littafi, kuma ɗaliba za ta iya jero shi a jarrabawa, amma gane shi da ƙarfe uku na dare, daga bakin ƙofa, alhali takardar awo tana nuna cewa komai lafiya, wannan sai wadda ta taɓa gani da idonta. Gani ya kori ji.

Wata malamar jinya a Amurka, Patricia Benner, ta bayyana wannan a 1984, inda ta kasa girman ma'aikaciyar jinya zuwa matakai 5, daga sabuwar shiga wadda ke bin ƙa'ida layi bayan layi, har zuwa gwana wadda ke kallon halin majinyaci a dunƙule ta san inda matsala take kafin ta iya faɗin dalili. Ba a tsallake waɗannan matakai da takarda.

To, amma da zan tsaya a nan da na cuce ki. Na yi shekaru masu yawa ina murza wa majinyata gadon baya da ɗuwawu idan na ga fatar ta yi ja saboda daɗewa a kwance, domin haka na tarar manyana suna yi, kuma haka na koya wa na bayana. Sai daga baya, a wani kwas na ƙaro ilmi, na ji cewa murza wurin da ya riga ya fara ja yana iya ƙara lalata naman da ke ƙarƙashin fatar, abin da ake so shi ne a ɗauke nauyi daga wurin, a riƙa juya majinyaci a kan kari. Na gwanance ƙwarai wajen yin abin da bai kamata ba, kuma babu wata shekara cikin shekarun nan da ta gyara ni, sai da na zauna a aji.

Malamin Jinya ya amsa:

Sista, Allah ya saka da alheri, domin ba kowane babba ne zai faɗi kuskurensa a gaban na baya ba. Malama mai tambaya, tambayarki an bincike ta, kuma yana da kyau ki san abin da aka gano da kuma iyakarsa.

A 2003 wata mai bincike kan aikin jinya, Linda Aiken, da abokan aikinta sun duba asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka, suka gano cewa duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan jinya masu digiri a asibiti yana tafiya da raguwar kashi 5 cikin 100 na yiwuwar mutuwar majinyacin tiyata cikin kwana 30 da kwantar da shi. A 2014 aka maimaita irin wannan bincike a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, kan majinyata sama da 420,000, raguwar kuwa ta kai kashi 7 cikin 100. Sai dai binciken na Turai ya nuna wani abu da masu son yabon digiri kan manta: duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su yana ƙara yiwuwar mutuwa da kashi 7 cikin 100. Ke nan idan aka jibga wa mai digiri gadaje fiye da ƙarfinta, amfanin karatun yana iya zubewa. Kuma waɗannan alƙaluma suna magana ne a kan asibiti gaba ɗayansa, ba su ce wance mai digiri ta fi ki iya aiki ba.

Irin waɗannan bincike suna cikin abubuwan da suka ƙarfafa masu cewa a ɗaga matakin karatun jinya. A Ingila, tun daga 2013 duk mai shiga aikin sai ta hanyar digiri, a Amurka kuma wani babban rahoto na 2010 ya ba da shawarar a kai masu digiri kashi 80 cikin 100 kafin 2020. Don haka ƙofar da aka rufe miki ba a wurinku kaɗai ake rufe ta ba, kuma da wuya a sake buɗe ta.

Dangane da abin da za ki samu a aji, ba za a sake koya miki sa ƙarin ruwa ba. Abin da ake koyarwa, idan makarantar ta amsa sunanta, shi ne dalilin da ke bayan aiki da yadda ake tantance hujja. Ga misali: an daɗe ana tabbatar da cewa robar abinci da aka sa ta hanci ta isa ciki ta hanyar tura iska a saurara da abin sauraron ƙirji. Ma'aikata da yawa sun yi haka sau ɗari ba su ga illa ba, amma an tabbatar cewa ana iya jin wannan ƙara ko da robar ta kauce zuwa huhu, saboda haka yanzu sai a zuƙo ruwan ciki a gwada tsaminsa, in an yi shakka a ɗauki hoto. Kuskuren da ke faruwa jefi-jefi, mutum ɗaya ba zai gane shi daga abin da ya gani a rayuwarsa ba, sai an tara labarin dubban majinyata an ƙidaya. Ita kanta Florence Nightingale, shahararriyar ma'aikaciyar jinya ta Ingila, wadda ta tafi yaƙin Kirimiya a 1854 da mata 38, da ta dawo ba ta ce abin da idonta ya gani ya isa ba: ta zauna da alƙaluman mace-mace ta nuna cewa cututtuka sun fi raunin yaƙi kashe sojoji, sannan a 1860 ta kafa makarantar horar da ma'aikatan jinya a asibitin St Thomas da ke Landan.

Abu ɗaya zan ƙara. A cikin ɗalibaina, waɗanda suka dawo bayan sun yi aiki su ne suka fi cin moriyar darasi, domin idan ana bayanin yadda ƙoda ke gazawa, su fuskar wani majinyaci suke tunawa, kuma tambayoyinsu sukan sa ni komawa littafi.

Sabuwar Nas ta amsa:

Yaya, ni ina irin matsayin wadda aka ba gurbin nan ne, shekarata biyu da gama digiri, don haka ki ba ni dama in faɗi yadda abin yake daga wannan gefe. Na fito makaranta na san cewa lita ɗaya ta ruwa da za ta shiga cikin awa 8, da igiyar da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita, tana buƙatar ɗigo 42 a minti. A darena na farko ni kaɗai, mutum uku suka buƙace ni a lokaci guda, na tsaya a tsakiyar ɗaki ban san wanda zan fara zuwa wurinsa ba. Wata mai difloma ce ta ce in bar mai ihu in je wurin wanda ya yi shiru yana haki, kuma ita ke da gaskiya. Ina ganin wadda aka ba muƙamin nan a wurinku ta san bashin da kike bin ta, wataƙila ma kunyarki take ji.

Nas Mai Tambaya ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, musamman Sista da Malam. Maganar robar abinci ta taɓa ni, domin har yanzu akwai masu gwajin iska a sashenmu, ni ma haka aka koya mini, kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Gobe idan na shiga aiki zan duba ko muna da takardar gwajin tsami a ɗakin ajiya. Na kuma fara neman makarantar da ke karɓar masu difloma ba tare da sun faro daga shekarar farko ba. Malam, idan mutum yana aikin dare, wanne ya fi masa sauƙin riƙewa: karatun ƙarshen mako, ko ya nemi hutun karatu ya gama a tsaye?