Hasumiyar Iskandariyya: girgizar ƙasa ce ta kayar da ita ko hannun mutane?

Ɗalibi a Alƙahira:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da yayyena, ina roƙon a warware mini wata magana game da tsohuwar hasumiyar birnin Iskandariyya na ƙasar Masar, wadda ake kunna wuta a samanta domin jiragen ruwa su gane hanyar shiga tasha, kuma ake lissafa ta cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohon zamani. A hutun da ya wuce mun ziyarci ganuwar Sarki Ƙaitabai da ke bakin teku, sai mai yi mana jagora ya ce a kan harsashin hasumiyar muke tsaye. Da muka dawo, wani abokin karatuna ya dage cewa wani halifan Musulmi ne ya sa aka rushe ta domin neman dukiyar da aka binne a ƙarƙashinta, wani kuma ya ce girgizar ƙasa ce ta kayar da ita dare ɗaya. Wace magana ce ta inganta a cikin biyun, kuma ta yaya aka san siffarta alhali babu ita yau? Allah ya saka da alheri.

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka na biyu ya fi kusa da gaskiya, amma maganar dare ɗaya ba ta inganta ba, domin hasumiyar ta shafe ƙarnoni tana tsagewa ana gyarawa kafin ta kai ga kwantawa.

Iskandar Mai Girma ne ya kafa birnin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayan mutuwarsa Masar ta faɗa hannun ɗaya daga cikin kwamandojinsa, Batlimus na Farko, wanda a zamaninsa aka fara aikin hasumiyar, aka kuma kammala shi a zamanin ɗansa Batlimus na Biyu, a wajajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa. An gina ta a gabashin wani ɗan tsibiri mai suna Faros, wanda aka haɗa da birnin ta hanyar cike teku da ƙasa da duwatsu har tsawon fiye da kilomita ɗaya, kuma wannan cikon ne ya raba tashar gida biyu, ta gabas da ta yamma. Sunan da aka rubuta a jikin ginin shi ne Sostratus, mutumin garin Kinidos, kuma marubucin Romawa Pliny ya ce aikin ya ci talanti 800 (talanti babban ma'aunin kuɗi ne na wancan zamani), wanda a wancan lokaci dukiya ce da sai gidan sarauta.

Amru bn Al-As ya karɓi birnin a wajajen shekara ta 642, lokacin da hasumiyar ta riga ta haura shekara 900 a tsaye, kuma ta ƙara kusan shekara 700 a hannun Musulmi. Wannan shi ne ɓangaren da ake yawan tsallakewa, alhali a nan ne amsar tambayarka take. Ahmad bn Ɗulun, wanda ya mulki Masar daga 868 zuwa 884, ya gyara samanta ya ɗora mata ƙubba ta katako. Masanin tarihi Al-Mas'udi, wanda ya zauna a Masar a ƙarshen rayuwarsa, ya ba da labarin girgizar ƙasar da aka yi a watan Ramadan na shekara ta 344 bayan Hijira, wato wajajen 956, wadda ta zubar da kimanin kamu 30 daga ƙololuwarta. Aka sake gyarawa. Babbar girgizar watan Agusta na 1303, wadda ta taso daga wajen tsibirin Kirit ta kuma haddasa ambaliyar teku, ita ce ta yi mata illar da ba ta farfaɗo ba, ko da yake sarakunan Mamluk, masu mulkin Masar a lokacin, sun taɓa gyara bayan nan.

Labarin halifa kuwa yana da tushe a littafi, shi ya sa yake da wuyar kashewa. Al-Mas'udi ɗin nan ne ya ruwaito cewa sarkin Rumawa ya turo wani ɗan leƙen asiri wurin Halifa Walid bn Abdulmalik, ya nuna ya musulunta, ya rinjayi halifan cewa dukiyar Iskandar tana ƙarƙashin hasumiyar, har aka rushe rabinta aka fasa madubin da ke samanta kafin a farga. A ganina wannan hikaya ce irin ta masu hira, kuma hujjata a fili take: Walid ya rasu a 715, amma matafiya sun ci gaba da hawa ginin suna aunawa fiye da shekara 400 bayan haka, suna samun sa da hawa uku kamar yadda aka san shi.

Tsohon Ma'aikacin Jirgin Ruwa:

Allah ya gafarta Malam, na ƙaru ƙwarai da wannan bayani. Ina so in ƙara abin da ya shafi sana'ata, domin wanda bai taɓa tunkarar gaɓa da dare ba zai ɗauka sarakunan nan alfahari kawai suka gina.

Gaɓar Masar a wannan yanki shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsauni ko tudun da matuƙi zai hanga daga nesa ya ce ga inda nake. Strabo, marubucin Girkawa wanda ya zauna a birnin, ya faɗi haka ƙarara, ya kuma ambaci duwatsun da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa da wurare marasa zurfi a bakin mashigar. Jirgin da ya taso daga Girka ɗauke da kaya, iska na tura shi daga arewa, idan ya kuskure wannan ƙuntatacciyar mashiga ba shi da birkin da zai taka, sai dai ya hau dutse. Saboda haka ginin yana aiki da rana kamar yadda yake yi da dare, domin farin dutsensa kaɗai alama ce. Ƙuncin mashigar ne ma ya sa Kaisar Juliyas, da yaƙi ya rutsa da shi a birnin a shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi hanzarin kama tsibirin, tun da wanda ya riƙe Faros shi ke da ikon hana kowane jirgi shiga.

Akwai lissafin da duk ma'aikacin jirgi ya sani. Saboda lanƙwasar doron duniya, wutar da aka ɗora a tsayin mita 100 tana ɓacewa daga idon wanda ke daf da ruwa bayan kilomita 36 zuwa 40, komai ƙarfinta. Idan mai tsaro ya hau saman itacen filafilan jirgi, zai ƙara kilomita goma sha wani abu. Josephus, marubucin tarihi na zamanin Romawa, ya rubuta cewa ana hango wutar daga nisan da ya kai kimanin kilomita 55 a ma'aunin yau, kuma wannan bai yi nisa da lissafinmu ba. Amma zancen madubin da ake cewa yana nuna jiragen da ke Ƙusɗanɗiniyya, ko yana ƙona jiragen abokan gaba da hasken rana, hankalin ma'aikacin ruwa ba zai ɗauke shi ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne gargaɗin Pliny, cewa haɗarin wutar da ke ci ba ƙaƙƙautawa shi ne matuƙi ya ɗauke ta tauraro ce da ta sauko kusa da ruwa. Wannan matsala ce ta gaske, kuma ita ce dalilin da ya sa a yau kowace hasumiyar teku take da salon ƙyaftawarta, wanda aka rubuta a taswirar jirgi, domin a bambanta ta da tauraro da kuma sauran fitilun gari.

Malama Mai Nazarin Rihla:

Sannunku da ƙoƙari, Malam da Baba. Ɗana mai tambaya, ɓangare na biyu na tambayarka shi ne ya fi jan hankalina, wato yadda aka san siffarta. Girkawa da Romawa sun yabe ta, kuma an buga hotonta a kan kuɗin ƙarfen da ake yi a Iskandariyya, inda ake ganin gunki a ƙololuwa da wasu siffofi masu busa ƙaho a kusurwoyi. Amma waɗanda suka ɗauki igiya suka auna, suka ƙirga ɗakuna, suka rubuta, galibinsu matafiya ne daga Andalus da Magrib, waɗanda Iskandariyya ta zama musu zango a hanyar gabas.

Abul Hajjaj Yusuf al-Balawi, mutumin Malaga, ya shiga cikinta a wajajen 1166 da igiyar da ya ɗaura wa dutse, yana sakin ta daga kowane hawa. Daga bayaninsa ne aka tabbatar da cewa hawa na ƙasa mai kusurwa huɗu ne, kowane gefe kusan mita 30, na tsakiya mai kusurwa takwas, na sama kuma kewayayye. Ƙofar tana can sama da ƙasa, ana isa gare ta ta wata doguwar hanya da aka ɗora a kan bakunan gini 16, a ciki kuwa hanyar hawa tana kewaya ginin a hankali ba tare da matakala ba, da faɗin da mahaya biyu za su gifta juna. Yawancin masana suna sa tsayinta duka a sama da mita 100.

Ibn Jubair ya zo a 1183 a hanyarsa ta aikin Hajji. Ya auna gefe ɗaya ya samu fiye da gaba 50, ya kuma hau har sama ya yi salla a masallacin da ke can. Wannan kaɗai ya ishe ka amsa ga abokinka: mutanen da suka ɗora masallaci a kan gini, suna hawa domin neman albarkar salla a cikinsa, ba su ne za a ce sun ƙuduri rushe shi ba. Shi ma dai ya ce ana hango ta daga fiye da mil 70, wanda na tabbata Baba zai ce sha'awa ce ta rinjayi alƙalami.

Ibn Baɗuɗa kuwa shi ne ya shaida ƙarshenta, domin sau biyu ya gan ta. A 1326 ya tarar gefe ɗaya ya rushe, amma ana iya shiga ta kan wasu katakai da aka shimfiɗa daga wani gini da ke fuskantar ƙofar, waɗanda idan aka janye su babu sauran hanya. Ya ga mazaunin mai gadi a bakin ƙofa da ɗakuna masu yawa, ya kuma ce kaurin bangon taƙi goma ne. Da ya dawo a 1349 sai ya tarar lalacewar ta kai ba a iya ko hawa zuwa ƙofar. Shi ne dai mutumin da bayan 'yan shekaru ya ƙetara Sahara ya sauka a Takedda, a yankin Agadas na yau, ya kuma ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin.

Ya ƙara da cewa Sarkin Masar An-Nasir Muhammad ya fara gina wata irinta a gefenta, mutuwa ta hana shi ƙarasawa. An-Nasir ya rasu a 1341, annobar da ta cinye jama'a ta shigo Iskandariyya a 1347, sannan Sarkin Kubrus ya afka wa birnin ya wawashe shi a 1365. Kamar ginin ƙasa ne da aka daina yi wa yaɓe: kowace girgiza a baya ta tarar da masu gyara, ta ƙarshe kuwa ta zo daf da lokacin da babu kuɗi, babu mutane.

Ɗalibi a Alƙahira:

Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Saura abu ɗaya: shin maganar mai jagoranmu ta tabbata, cewa duwatsun ganuwar na hasumiyar ne, kuma ina sauran ginin ya tafi?

Malamin Tarihi:

Mai jagoranku yana kan hanya. Sarki Al-Ashraf Ƙaitabai, wanda ya sake gina Masallacin Annabi (SAW) a Madina bayan gobarar 1481, ya ziyarci wurin a 1477 ya ba da umarnin a gina ganuwa a kan kufan, aka kammala cikin kimanin shekara biyu. Damuwarsa a lokacin ita ce tsare gaɓa daga jiragen yaƙi, musamman ganin yadda Turkawan Usmaniyya ke ƙara ƙarfi, don haka ya yi amfani da harsashin da ya tarar da kuma duwatsun da za su ɗauku. Sai dai ka sani cewa ganuwar da ka gani ta sha gyara, domin jiragen Ingila sun yi mata luguden wuta a watan Yulin 1882.

Manyan duwatsun kuwa suna cikin ruwa a gindin ganuwar, a zurfin mita shida zuwa takwas. Wani ɗan Masar mai nutso, Kamil Abus Sa'adat, shi ya fara jawo hankalin hukuma gare su a farkon shekarun 1960, sannan Honor Frost ta Ingila ta duba wurin a 1968 a ƙarƙashin UNESCO. A farkon shekarun 1990 aka shiga jibga tubalan kankare a wurin domin kare ganuwar daga igiyar ruwa, a kan kayan tarihin kai tsaye, sai da aka yi ƙorafi aka dakatar, aka kira Jean-Yves Empereur na Faransa da tawagarsa a 1994. Sun rubuta guntaye fiye da 2,500, wasu na jan dutsen Aswan masu nauyin tan 50 zuwa sama, kuma waɗansu manyan suna kwance a jere a tsattsage, alamar daga sama suka faɗo. Ƙaton gunkin wani sarki Batlimus da aka tsamo a nan shi ne yake tsaye yanzu a gaban sabon ɗakin karatu na Iskandariyya.

Amma kada a ɗauka duk abin da ke ƙasan ruwan na hasumiyar ne. Akwai gumakan fir'aunoni da aka kwaso daga tsohon birnin Heliyofolis, waɗanda wasunsu suka girme ta da fiye da shekara dubu, akwai kuma ɗaruruwan ginshiƙai. Abdullaɗif al-Bagdadi ya ruwaito cewa wani gwamnan birnin a zamanin Salahuddin ya sa an farfasa ginshiƙan tsofaffin gine-gine an zuba a bakin teku domin karya ƙarfin igiyar ruwa da hana jiragen abokan gaba matsowa.

Idan kana son ganin siffar da idonka, ka je Abusir ta yamma da Iskandariyya, tafiyar kimanin kilomita 45, kada ka rikita ta da Abusir ta kusa da Alƙahira. Akwai wata ƙaramar hasumiya ta zamanin gidan Batlimus da aka gina a kan kabari, tana nan tsaye da hawa ukun nan, mai kusurwa huɗu, mai takwas, da kewayayye, kuma tana cikin abubuwan da Bajamushe Hermann Thiersch ya dogara da su a 1909 wajen zana hoton da kake gani a yawancin littattafai.