Notin salansa ya ƙi zama, kuma tsakanin Stihl da Husqvarna wanne zan saya?

Ɗan Mambila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata tsaga katako a yankin Gembu, yawanci itacen turare, wani lokaci kuma mu gangara wajen Bali idan an sami maɗaci ko ƙawo. Injin tsaga katakon da ke hannuna kwafin Stihl 070 ne ɗan China, na saye shi na hannu. Wajen ja ba shi da laifi, amma salansarsa ta hana ni sakat. In na ɗaure notinta da safe, kafin azahar sai in ji muryar injin ta sauya, ta buɗe kamar babur ɗin yaran da suka cire salansa. In na duba sai in ga baƙin mai yana tsatsafowa ta inda salansar ta haɗu da silinda. Ɗaya notin ma ya faɗa cikin garin katako, na tona har na gaji. Na samo wani wajen mai gyaran babur, na sa masa washa mai tsaga, duk a banza.

Tambaya ta biyu: bayan damina ina so in haɗa kuɗi in sayi na asali. Abokan aikina duk Stihl suke kira, wani kuma ya ce Husqvarna ta fi sauƙin ɗauka. Masu sani a taimaka.

Makaniken Panteka:
Wa alaikumus salam Malam. Ka fara cire salansar gaba ɗaya ka duba abu biyu kafin ka sake sayen ko noti ɗaya. Na farko zaren ramin da notin ke shiga. Silindar alminiyam ce, notin kuma ƙarfe. Alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa in ya ɗauki zafi, ya kuma fi shi laushi. Kullum inji ya yi zafi ya huce, gaskit ya ƙara kwanciya, ɗaurin ya ɗan saki, jijjiga kuma ta ƙarasa aikin. Da zarar salansa ta fara rawa, ita da kanta take cinye zaren. In ka murɗa notin da yatsu ka ji yana kaɗawa a ramin, to zare ya tafi, ko sau ɗari ka ɗaure ba zai zauna ba. Sai a kai wa mai lata (mai injin sassaƙa ƙarfe) ya sa masa Helicoil, wato zaren waya da ake dasawa a ramin.

Na biyu fuskar salansar. Ka ɗora ta a kan gilashi ko wani ƙarfe mai santsi. In tana lilo, ta lanƙwashe, sai a goge ta da sanfefa har ta kwanta daidai, a sa sabon gaskit.

Washar nan mai tsaga kuwa ka jefar da ita. Zafin wurin yana kashe mata ƙarfi, ta koma lami. Haka noti mai roba a ciki, robar narkewa take. Abin da nake yi wa masu kawo mini: noti mai haƙora a ƙarƙashin kai, in ɗaure, in tada injin ya yi zafi sosai, in bar shi ya huce, in sake ɗaurewa. Bayan tanki ɗaya ko biyu mai shi ya ƙara bi. Wannan ɗauri na biyun shi mutane ke tsallakewa. In abin ya ƙi, sai faranti siriri da ake lanƙwasa kunnensa ya rungumi kan notin, ko a huda kawunan biyu a zura waya a murɗe.

Kuma kada ka ci gaba da aiki da shi a haka. Ta wannan ƙofar ƙura ke iya komawa ciki ta karce fistan, kuɗin gyaran ya ninka.

Baban Yara:
Ni dai gam ɗin noti nake ɗigawa, Loctite, shi ke nan.

Makaniken Panteka:
Alhaji, a sauran notocin jikin inji na yarda. Shuɗin nan 243 zafin da yake jurewa bai wuce digiri 180 ba, jan 272 kuma wajen 230. Bakin silinda a tsakiyar tsaga yakan wuce nan, sai gam ɗin ya ƙone ya zama gari. In ya riƙe maka, zaren naka lafiyayye ne tun farko.

Na Kontagora:
A kan batun saye, ya danganta da aikinka. Stihl 070 na asali cc 105 ne da ɗoriya, kan injin kaɗai ya haura kilo 10. Ba ya gudu da yawa, amma ba ya sarewa cikin itace mai tauri, shi ya sa masu tsaga falanki suka maƙale masa tun zamanin iyayenmu. Kayan gyaransa kuma ko a ƙauye ka samu, na asali da na kwafi, har suna shiga juna. Illarsa nauyi, shan mai, jijjigar da ke kashe hannu, sannan yawancinsu ba su da birkin sarƙa. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne ranar da inji ya yi tutsu ya dawo kanka.

Husqvarna ta Suwidin ce. 372 XP cc 70 ne da 'yan kai, ba ta da nauyi, tana da gudu, wajen kayar da itace da sassare rassa ni ita na fi so. Tunda hawa dutse kake da inji a kafaɗa, za ka gane bambancin. Amma in wuni za ka yi kana tsaga ƙawo, ta yi ƙarama, sai dai 395 XP. Kishiyar 372 a ɓangaren Stihl ta Jamus ita ce MS 381 ko 382. Kafin ka biya, ka tambayi makaniken garinku kayan wanne yake iya samo maka cikin kwana biyu. Ka kuma lura, kwafi yanzu har fenti da tambari ake yi masa, ka nemi dila na gaskiya da rasit. Sifana ma ta bambanta: Stihl mai kan tauraro T27 take so, Husqvarna kuma alanki.

Ɗan Mambila:
Allah Ya saka da alheri. Na cire salansar ɗazu. Ramin hagu lafiya lau, na dama kuwa notin shiga yake ya fito ba tare da an murɗa ba, har da ɓurɓushin alminiyam a jikinsa. Oga, a nan ban san mai sa Helicoil ba, sai dai Jalingo. In na sa noti mai kauri kaɗan ya yanka sabon zare fa?

Makaniken Panteka:
Kada ka tura shi da ƙarfi, bangon ramin zai tsage. In akwai nama a gefe, mai lata ya yanka maka zaren lamba ta gaba da abin yankan zare, ka kuma faɗaɗa hujin salansar daidai da shi. Ka toshe bakin silindar da tsumma kafin a fara, kar garin ƙarfe ya faɗa kan fistan. Turo hoton ramin in gani.