Ina bolt biyun suka tafi? Ku taimaka min

Assalamu alaikum, masana harkar wuta. Kwana uku ke nan abin nan ya hana ni sukuni.

Na haɗa ƙwayayen fitilar mota guda 3, kowanne wat 21, da batir mai bolt 12 don haska shagona. Da fari na jera su a kan waya ɗaya, wutar na ratsa wannan ta shiga wancan. Haske ya fito dishi-dishi, kuma da na cire ɗaya sai duk suka mutu. Wannan na gane shi: sun raba bolt 12 ne, kowanne ya samu 4.

Sai na sake haɗi, kowane ƙwai ya ɗauko daga jar waya da baƙa kai tsaye. Haske ya gyaru, amma na ƙarshe, mai nisan kusan mita 15, bai kai sauran ba. Na auna bakin batir bolt 12.6, wajen ƙwan ƙarshen kuma 10.5. Wayar siririya ce, tana ɗan ɗumi, abin da ya fi tsorata ni ke nan saboda akwai yadi a shagon.

A lissafina ukun suna jan sama da amfiya 5. Shin wayar ce ke shanye bolt ɗin? Wane kauri zan saya, kuma fiyus na amfiya nawa zan sa kusa da batir?