Hargitsi da mugunta: abu ɗaya ne a teburinku?

Mai jan wasa daga Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son duk wanda ya taɓa cin karo da irin abin da ya same mu ranar Asabar ya faɗa mini yadda suka ƙare.

Mu biyar ne muke buga RuneQuest, wasan labari na teburi inda kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi ɗaya, ta manhajar hira ta Discord bayan isha'i, ni ke jan wasan. Ga wanda bai san shi ba, sunan duniyarsa Glorantha, Ba'amurke Greg Stafford ne ya ƙago ta, wasan kuma ya fito a 1978. A tatsuniyar wannan duniya, Hargitsi wani abu ne da ya kutso daga waje sa'ad da gumakan labarin suka kaure da yaƙi, ya shiga cin halitta kamar yadda gara ke cin azara.

Sojojin Daular Wata sun koro jarumanmu a ƙasar Sartar. Wata bazawara ta ɓoye su a rumbunta, ta kai musu tuwo da nono da dare. Cikinmu akwai wanda jaruminsa ke bin gunkin da ake kira Bijimin Hadari, babban maƙiyin Hargitsi, kuma mabiyansa suna iya jin warin Hargitsi. Ya jefa 'ya'yan ludonsa biyu masu fuska goma, ya ci. Na ce masa warin na fitowa daga bayan ɗaki, inda ɗanta mai shekara 6 ke kwance an ɗaure masa goshi da ƙyalle. Ƙarƙashin ƙyallen akwai ido na uku. Yaron bai taɓa cutar da ko kaza ba. Sai ɗan'uwan nan ya ce, a natse, jaruminsa ya zaro gatari.

Minti 40 muka yi muna gardama har muka tashi ba a ci gaba ba. Shi yana cewa a duniyar nan Hargitsi shi ne mugunta, ba a tambayar me ya aikata. Matar da ke buga mai magani ta ce ita kam ta ga mugunta a daren, amma a hannun mai gatari ta gan ta. Ni na kafa tarkon, amma wallahi ban san amsar ba.

Bakatsine

Wa alaikumus salam. Wannan gardama ta girmi yawancinmu. Da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons (D&D) a 1974, ɓangare uku kawai suka sa na halin da ake rubuta wa jarumi ko dodo: Doka, Tsaka-tsaki, Hargitsi. Babu alheri, babu sharri a jerin. Daga littattafan Poul Anderson da Michael Moorcock suka aro tsarin. Sai a littafin 'yan wasa na 1978 aka shimfiɗa gida tara, aka ware layin doka da hargitsi daban, na alheri da sharri daban.

Ni da tsohon bugun 1981 na fara, wani ɗan ajinmu a Ingila ya gaje shi wurin babansa. A can gida ukun ne, kuma littafin da kansa ya ce ɗabi'ar mai hargitsi galibi ita ce abin da za a kira mugunta. Haka muka yi wata shida: duk abin da aka rubuta wa Hargitsi a goshi, mu sare shi, mu kwashe zinariyarsa. Ba wanda ya taɓa jin nauyi a ƙirji. Ranar da muka koma sabon bugu na ga an rubuta cewa aljanun daji masu dogayen kunnuwa masu hargitsi ne kuma masu alheri, na ɗauka kuskuren ɗab'i ne. Don haka ɗan'uwanka mai gatari bai ƙirƙiro ra'ayinsa ba, yana da tushe.

'Yar Gusau

Yayana na Zariya, ni ban taɓa zama teburi ba, amma na san Glorantha ta King of Dragon Pass, wasan kwamfuta na 1999 da daga baya aka kawo shi waya. Kana riƙe da dangi guda na mabiya Orlanth, gunkin iska da hadari, da shanunsu da gonakinsu da majalisar mutum bakwai da ke ba ka shawara.

Abin da ya fara taɓa ni shi ne satar shanu. A wasan al'ada ce, in damina ta wuce mayaƙa su ɗauki masu su je su koro garken maƙwabta, mawaƙa su yi musu kirari. Ba wanda ke kiran wannan Hargitsi. Ni kuwa daga Zamfara nake. Karon farko da na danna na aika mayaƙana, allo ya nuna mini adadin shanun da aka koro, na ajiye wayar a kan tabarma na daɗe ban ɗauka ba. Na san yadda gida ke zama in aka wayi gari turke ba komai. Daga nan ban sake aika kowa ba, dangina suka yi ta gunaguni cewa shugabarsu matsoraciya ce.

Sai agwagi. Akwai wasu mutane masu siffar agwagwa, marasa ƙarfi, da za ka tarar kusa da ƙasarka. Kana iya ƙyale su, kana iya ɗora musu haraji, kana iya far musu. Ƙanena ya buga a wayata ya far musu don ya ga ba za su iya ramawa ba. Babu ko ɗigon Hargitsi a cikin abin da ya yi, zalunci ne tsagwaronsa irin na mai ƙarfi a kan mara ƙarfi. Wasan bai manta ba, daga baya sauran mutanen dabbobi suka taru suka zo masa.

Amma ga inda abin ya ɗaure mini kai. A al'adar mutanen Orlanth, in ɗan'uwa ya zubar da jinin ɗan'uwansa na dangi, wannan yana buɗe wa Hargitsi ƙofa. Ba diyya, ba ramuwa, don duk wanda ka kashe naka ne. Wato akwai wasu laifuffuka da su ke haifar da Hargitsi, akwai kuma wasu munanan da ba su haifar da shi. Satar shanun baƙo ba ta kira shi, kashe ɗan ɗakinku yana kira. A fahimtata Hargitsi a can shi ne ɓarnar da ba ta ɗinkuwa, mugunta kuwa ta fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Ka tambayi mai gatari: ya ci tuwon matar nan, ya kwana a rumbunta. A wurin mutanen Orlanth haƙƙin baƙo da mai masauki abu ne mai tsarki. In ya sare ɗanta, wace ƙofa ya buɗe?

Ɗan Maraɗi

Ni ina bayan mai gatari, kuma ba da wasa nake ba. Warhammer nake bugawa, na kamfanin Games Workshop. A can gumakan Hargitsi huɗu ne: Khorne na jini, Tzeentch na canji da makirci, Slaanesh na sha'awa, Nurgle na cuta. Nurgle ma son mabiyansa yake, kaka suke kiransa. Mun taɓa ƙyale wani mai gidan abinci da ƙurji ya fito wa a wuya, don yana da kirki, ya ba mu bashi. Zama uku bayan nan unguwar gaba ɗaya ta ruɓe. Kirkinsa na gaskiya ne, annobar ma ta gaskiya ce. Wuta ba ta ƙin ka, amma ba ka barinta a jinka don ba ta da mugun nufi. Tausayin da kuke ji wa yaro ɗaya, ku ji wa ƙauyen.

Lauya mai hutun Asabar

Ɗan'uwa na Maraɗi, na ji ka, amma a Warhammer 40,000, ɗan'uwan wasanku na sararin samaniya, daular da ke yaƙar Hargitsi tana ciyar da kujerar sarkinta da rayuka dubu kowace rana, kuma tana ƙone duniya sukutum in ta yi zargi. Su ma da hujjarka suke yi.

Mugunta mafi muni da na gani a teburi ba ta da ko ƙwayar hargitsi. Mun buga Descent into Avernus, labarin D&D na 2019. Wanda bai buga ba ya tsallake nan. Birni guda, Elturel, aka fizge da mutanensa aka kai bene na farko na Jahannama Tara, don shugabansu ya sa hannu a yarjejeniya da Zariel, shaiɗaniyar da ke mulkin benen, shekaru da dama kafin nan. Komai a rubuce, komai bisa ƙa'ida. A D&D shaiɗanun nan masu doka ne: suna da muƙamai, suna da ƙarin girma, ba su saɓa abin da suka sa wa hannu. Abokan gabarsu su ne ifiritan Rami Mara Ƙarshe, masu hargitsi da mugunta, kuma ɓangarorin biyu suna cikin Yaƙin Jini da ba ya ƙarewa. Da hargitsi da mugunta abu ɗaya ne, me za su yi wa faɗa?

Mai jan wasanmu ya rubuto mana yarjejeniya ta gaske, shafi biyu, ya turo. Wani shaiɗani zai ba mu hanya, mu kuma mu biya da abu kaɗan. Aikina ke nan, na karanta ta sau uku. A sakin layi na bakwai na ga an ce bashin yana bin magada. Jarumata tana da 'ya. Hannuna ya yi sanyi a kan madannin kwamfuta, don na sha ganin irin wannan sakin layi a takardun da talakawa ke dangwala wa yatsa ba tare da an karanta musu ba. Shaiɗanin bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, har kujera ya ba mu.

Gwaggon yara

Ni 'ya'yan yayata nake ja wa wasa in sun zo hutu. Matsalata daban ce: yaron da ya rubuta hargitsi a takardarsa ya ɗauka ya sami lasisi. Ya ƙone rumfar mai kifi, ya ce ai halin jaruminsa ne. Na dakatar da wasan na tambaye su Gizo mugu ne? Suka ce a'a, mai wayo ne, makwaɗaici ne, ba ya jin magana. Dodo fa? Suka ce shi mugu ne, cin mutane yake. Na ce to jaruminka Gizo ne ko Dodo? Ya yi shiru, sannan ya ce zai koma ya taya mai kifi gyara rumfa, amma zai saci kifi ɗaya. Na yarda masa.

Dattijon teburi

Na Zariya, shekara da shekaru ina jan wasa a Glorantha, bari in ƙara maka abin da 'yarmu ta Gusau ta taɓo.

Duba jerin alamomin duniyar. Alamar Rashin Tsari daban take, alamar Hargitsi daban. Eurmal mai yaudara, wanda shi ne Gizonsu, yana ɗauke da ta farko, ba ya ɗauke da ta biyu. Zorak Zoran kuwa, gunkin yaƙi na mutanen duhu, mabiyansa suna tayar da gawa su sa ta faɗa, suna jin daɗin azabtarwa, amma suna cikin manyan maƙiyan Hargitsi. Orlanth da kansa ya kashe Yelm, sarkin rana, ya jefa duniya cikin duhu, kuma ta wannan tsagar ce miyagun gumaka uku, Ragnaglar da Thed da Mallia, suka shigo da Wakboth, babban shaiɗanin Hargitsi. Mugunta ta riga Hargitsi zuwa, ita ta share masa hanya.

Ta ɗaya gefen, Daular Wata tana koyar da cewa Hargitsi yanki ne na halitta, ana iya sarrafa shi. Suna da hanyoyi, makarantu, da gidajen ciyar da talakawa. Suna kuma da Jan Jemage da dole a riƙa ciyar da shi da mutane, kuma wanda ya cinye ya tafi ke nan har ruhinsa, ba lahira ba komai. Wannan shi ne abin da mabiyin Bijimin Hadari yake tsoro, kuma tsoronsa na da dalili. Na Maraɗi bai yi ƙarya ba.

Na taɓa samun kusan irin naka, sai dai tsoho ne makiyayi. 'Yan wasana suka kashe shi. Ban hukunta su ba, ban kuma yabe su ba. Na sa jikarsa ta riƙa bin su daga nesa, gari zuwa gari, ba ta cewa komai. Zama na huɗu wanda ya yi saran ya sauka daga dokinsa ya je ya same ta. Abin da suka faɗa wa juna shi ne mafi kyawun minti goma da na taɓa gani a wasa. Shawarata kada ka yanke musu hukunci daga kujerarka. Ka bar shi ya zaɓa, ka kuma bar duniyar ta amsa masa.

Mai jan wasa daga Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun zauna jiya. Kafin mu fara na kira ɗan'uwan nan ni da shi, na karanta masa tambayar 'yar'uwarmu ta Gusau game da tuwon da ya ci. Ya ce bai taɓa duba ta nan ba, amma jaruminsa ya yi rantsuwa, ba zai iya juya baya ya tafi kamar bai ji warin ba.

Da aka fara, mai magani ta tsaya a bakin ƙofa ta ce sai dai ya bi ta kanta. Bazawarar ta fito da fitila ta tsaya bayanta. Ya daɗe bai yi magana ba, muna jin ƙarar fankarsa ta makirufo. Sannan ya ce jaruminsa ya kafa gatarin a ƙasa, ya ce wa matar ba zai zubar da jini a gidan da ya ci abinci ba, amma yaron ba zai ƙara kwana a ƙauyen nan ba. Zai tafi da shi, ya nemi wanda zai iya cire abin. In ba a samu ba, kuma idon ya fara aiki, shi da hannunsa zai yi abin da ya rantse a kai, ya dawo ya gaya mata a fuskarta.

Matar ta naɗe wa yaron guzuri a ƙyalle. Yanzu suna kan hanyar zuwa wani wurin bautar Chalana Arroy, uwar masu magani, yaron na zaune a gaban sirdin mutumin da ya zo kashe shi. A zangon farko ya tambaye shi sunan dokin. Ban shirya abin da masu maganin za su ce ba tukuna, ina da kwana shida.